Shekara Ashirin da Tara Ermete Yana Jiran Duilio Ya Yi Mura

Sunana Egisto, mai gyaran keke, amma a garinmu in ka ce Egisto sai a tsaya ana kallonka. Ka ce Gisto na saman bene, yanzu a nuna maka shagona. Shekara arba'in na yi ina zama a kujera ɗaya a benen can sama na gidan opera, wato gidan wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, inda tikiti ya fi araha. Masu kuɗi suna ƙasa suna nuna wa juna riguna, mu ne masu sauraro. Mawaƙi ya yi daidai, mu tafa masa har hannu ya yi zafi. Ya kauce ko da ƙiris ne, mu sa yatsu a baki mu yi masa fito har ya rasa hanyar fita. Mun kori manyan da aka ɗauko daga Milano. Akwai shekarar da muka yi wa doki fito saboda ya shigo dandamali kafin lokacinsa, kuma har gobe ina nan a kan bakana cewa ya cancanta. Fiton farko daga bakina yake fita, sannan sauran su bi.

Na faɗi wannan ne don ku san wanda yake ba ku labarin Ermete Bolsi, abokina, wanda muka binne bara.

Layinmu ɗaya da Ermete, tare muka tashi. Babansa cuku yake yi, irin manya-manyan dunƙulen nan da ake jerawa a ɗakin ƙasa su shekara biyu kafin a taɓa su. Fada ne ya fara jin muryar yaron a coci, ya je ya samu tsohon ya ce, "Bolsi, ɗanka tenore ne." Tsohon ya ajiye ludayi ya tambaya ko ana warkewa. Fada ya ce ba ciwo ba ne, ita ce muryar namiji mai hawa sama, wadda a opera ake ba mai ita budurwa da takobi, a kashe shi a kashi na uku. Tsohon bai gamsu ba, amma ya sayar da shanu biyu ya tura shi Parma koyon waƙa.

Yaƙin duniya ya ci masa shekaru. Ya dawo a 1946, yana da shekara ashirin da takwas, daidai lokacin da za a sake buɗe gidan operarmu. A makon ne kuma wani Duilio Cavatorta ya sauko daga jirgin ƙasa, ƙato, shi ma tenore, mai ƙirji kamar ƙofar gareji. Manaja ya rufe ƙofa ya gwada su biyun. An ce ya yi ta kai-komo ya kasa zaɓa. Abin da ya raba gardamar shi ne asu, domin duk tsawon yaƙin sun cinye kayan wasa kaf, rigar soja ɗaya ce rak ta tsira. Duilio ya sa, ta zauna masa ɗas. Ermete ya sa, hannuwanta suka kai masa gwiwa.

"Kada ka damu, Bolsi," in ji manaja. "Kai ne ɗan ko-ta-kwana. Duk ranar wasa ka zauna a shagon gahawan can na tsallaken titi, kada ka motsa sai ka ji ƙararrawar kashi na biyu. Ranar da Cavatorta ya kasa, mu aiko a kira ka. A aikin nan na yi furfura, ban taɓa ganin tenoren da ya rufa wata uku bai yi mura ba."

Ermete ya tsallaka titi, ya zaɓi teburin da ya fi nisa da ƙofa, ya zauna.

To, tenore na gaske ba ya magana ranar wasa, kuma ba ya magana jajiberin wasa, don kada murya ta zube a banza. Ermete ya riƙe wannan doka fiye da yadda ya riƙe azumin coci. Lokacin da wasa ya kankama, sau uku ake yi a mako, kun ga kwana shida ke nan bakinsa a rufe. Ya rataya ɗan allo a wuya da alli a aljihu. Da allon yake sayen burodi, da shi yake faɗa da mai kawo gawayi, da shi ya nemi auren Nerina, 'yar mai shagon gahawan, wadda ta shekara biyu tana kawo masa ruwan ɗumi da ɗanyen ƙwai. An sa ranar auren Talata, saboda ba a wasa Laraba. Sai ga shi an ɗauko wasan Asabar an dawo da shi Laraba. Da Fada ya tambaye shi ko ya yarda, sai ya ɗaga allo.

"Ermete," in ji Fada, "coci ba ta karɓar alli."

Ya dubi Nerina, ya waiwaya ya ga ko ƙofar cocin a rufe take, ya ce "e" can ƙasa-ƙasa. Daga nan ya fita ya kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri.

Abin haushin, ba wanda ya taɓa jin muryar da ake ta wannan ɓoyon dominta. A ɗakin cukun babansa yake gwaji, ƙofa a kulle, bargo a jikin taga. Wata Litinin, ranar da yake da baki, na ce masa, "Kai, wai me kake ajiya ne? Rera mini ko baiti ɗaya a nan in ji, in gaya maka gaskiya ka huta."

"A shagon keke?" Ya dube ni kamar na zage shi. "Gisto, ni ba suna nake nema ba, ba hoto a jarida ba. So nake in tsaya a dandamalin can sau ɗaya, makaɗa a ƙasana, ku a samana, ku ji ni, ku yanke mini hukunci kamar yadda kuke yanke wa kowa. Shi ke nan. In mutu ban san matsayina ba, wannan nake tsoro."

Ban yi masa dariya ba. Ya ba ni tausayi, kuma ya ba ni haushi, don na san Duilio.

Mutumin nan bai san ciwon kai ba. Ya yi waƙa da karyayyar ƙafa. Shekarar ambaliya ya iso a kwalekwale, jiƙe sharkaf, ya yi waƙarsa lafiya lau, mai kwalekwalen ne ya kwanta asibiti. Da mugu ne ma da sauƙi, sai a tsane shi a huta. Amma ina! Duk ranar wasa sai ya biyo ta shagon gahawa, ya dafa kafaɗar Ermete cikin jimami na gaske, ya kira shi da laƙabin manyan mawaƙa ya ce, "Maestro Bolsi, yau ma dai sai haƙuri, lafiyata ƙalau." Ermete ya rubuta masa "Allah ya ƙara", ya koma ya ci gaba da kallon ƙofar gidan opera.

Ba wai ba a neme shi wani wuri ba. Bikin aure, jana'iza, taron waƙa a garuruwan maƙwabta, duk ya ƙi, wai kada ranar ta zama ita ce ranar. A 1955 wani mai shirya tarukan waƙa ya ji labarinsa a bakin malaminsa na Parma, ya zo takanas har garinmu: wata shida a Ajantina, birni-birni, daga shi sai mai piyano, sunansa manne a bango. Nerina har ta gama haɗa akwati. A makon ne labari ya bazu cewa an ji Duilio ya yi tari a shagon aski. Ermete ya zazzage akwatin, baƙon ya kama hanyarsa. Daga baya aka gano ɓawon gyaɗa ne ya maƙale wa Duilio.

Daga nan ne muka ce abin ya isa, mu mutanen bene. Kowa ya san abin da ke kayar da mutum a ƙasar nan: iskar da ta shigo ta taga ta fita ta ƙofa, jiƙaƙƙen gashi, da ruwan sanyi a kan gumi. Ivo mai aski ya wanke wa Duilio kai a tsakiyar Janairu, ya ce na'urar busarwa ta lalace, ya tsaya a bakin ƙofa yana jan shi da hira. Duilio ya tafi gida yana waƙa, Ivo ya yi mako biyu a kwance. Ni da kaina na bi shi jirgin ƙasa daga Parma, na buɗe tagar dama, na buɗe ta hagu. Ya yi barcinsa har da minshari, ni kuwa na yi wata guda in za a gaishe ni sai na juyo da jikina duka. Nerina ta ɗauko gwaggonta mai fama da mura ta kai ta bakin gidan opera, wai masoyiyar waƙarsa ce, ta sumbace shi a kumatu dama da hagu. Duilio ya ji daɗi ƙwarai, ya tsallako shagon gahawa da farin cikinsa ya sumbaci Ermete dama da hagu. Ermete ya yi mako uku a gado da zazzaɓi, yana roƙon Allah kada Duilio ya kwanta a makonnin nan.

Da ya gano abin da muke ƙullawa, ranar ba ta magana ba ce. Ya shigo shagona fuska a murtuke, ya rubuta "BA TA HAKA BA" da ƙarfin da sai da allin ya karye. Muka daina.

Shekaru suka yi ta tafiya. Manaja ya mutu, ɗansa ya gaje shi, ya gaji Ermete tare da kujeru da labule. Nerina ta ɗinka wa mijinta rigar soja tasa ta kansa, duk kaka ta fito da ita ta ƙara mata faɗi a ciki. Gashinsa ya yi fari, ya rina. Baƙi in sun zo gari ana nuna musu coci, da gada, da Ermete ta gilashin shagon gahawa.

A 1975 aka ce za a rufe gidan opera a yi masa gyaran shekara uku, Duilio kuma ya ce shi daga nan ya ajiye waƙa. Wasan ƙarshe ya faɗo Lahadi da rana, cikin Fabrairu. Ermete yana da hamsin da bakwai. Ina zaune tare da shi a teburinsa, ba mai cewa komai, shi saboda doka, ni saboda ban san abin da zan ce ba. Saura minti ashirin a ɗaga labule sai ga mai kula da tufafin wasa ta tsallako titi a guje, allurai a baki.

"Maestro Bolsi! Ka zo! Shaƙuwa!"

Ashe Duilio ya zauna cin abincin bankwana, ya shanye faranti uku na romo mai zafi da taliya cikin gaggawa. Mutumin da ambaliya ta kasa, shaƙuwa ta kama shi. Muka dunguma ɗakin shirinsa, muka tarar da shi zaune cikin rigar soja, duk bayan daƙiƙa biyar ƙirjin nan ya yi tsalle. An ba shi ruwa ya sha ta bayan kofi. An toshe masa hanci. Manaja ya shigo da gudu ya ce motar Duilio ta kama da wuta, don ya firgita. Duilio ya ce, "Wace... hik... mota? Na sayar... hik... tun jiya."

Sai na ga Ermete ya jawo allo yana rubutu. Na leƙa. Wallahi maganin shaƙuwa na kakarsa yake rubutawa, wanda duk layinmu an san ba ya kuskure: "Sukari cokali ɗaya a jiƙa da..." Nerina ta sa hannun riga ta shafe. Ya harare ta ya sake farawa. Ta fizge allin ta jefa a baki ta tauna, tana kallonsa ido cikin ido, ta haɗiye.

Duilio ya ga allon, na tabbata ya gani, kuma ba yaro ba ne, ya san da me ake jiƙa sukari. Bai ce a kawo masa ba. Ya ce, "Maestro... hik... je ka sa rigarka."

Na hau matakala ɗari da goma sha biyu ban tsaya ba. Da manaja ya fito gaban labule ya sanar, benen ya yi tsit. Mu da muke gaishe da irin wannan sanarwa da ihu, ranar ko tari ba a yi ba.

Labule ya tashi, Ermete ya fito, gajere, mai tumbi. Ya buɗe baki.

Jama'a, ban san yadda zan gaya muku ba. Muryar ba ta da girma, shekaru sun ci gefenta. Amma kowace kalma tana isowa can sama kamar a kunnenka ya faɗe ta. Inda Duilio ya saba buɗe maƙogwaro ya yi ta ruri, shi sai ya sassauta, ya ja ta siririya, har ka riƙe numfashi don kada ka tsinka masa ita. Shekara ashirin da tara ina jin waƙar nan, sai ranar na gane cewa sojan tsoro yake ji. Ivo yana gefena yana share hanci da hularsa. Muka tafa, tafi na gaske.

A kashi na biyu ya fara gajiya, na ji numfashin yana gajarta. A kashi na uku aka soke shi, ya faɗi, ya dogara da gwiwar hannu ɗaya, ya kama waƙar mutuwa, wadda a ƙarshenta murya take hawa ƙololuwa ta tsaya can. Ya hau, ya hau, ya kai bakin wurin, sai ta fashe masa, irin na ɗan zakara mai koyon cara. Maimakon ya wuce, sai ya ja numfashi ya sake gwadawa. Ta sake fashewa, ta fi ta farko muni. Jagoran makaɗa ya sauke sandarsa, kiɗa ya tsaya.

Akwai wani tafi da muke da shi a bene, a hankali ake yin sa, ba zafi ba sanyi. Shi muke yi wa 'yan makaranta ranar bikinsu, shi muka yi wa 'yar magajin gari lokacin da ta dage sai ta yi waƙa. Duk wanda ya san gidan ya san ma'anarsa: ba mu ɗauke ka mawaƙi ba, je ka gida lafiya. Ivo ne ya fara, da kyakkyawar zuciya, sauran suka kama. Masu kuɗin ƙasa ma suka bi.

Ermete ya ɗago kai daga inda yake kwance. Tun muna shekara shida na san fuskar nan, ban taɓa ganin ta haka ba. Kunya ce, da wani irin roƙo. Idonsa yana bin layin kujerun sama ɗaya bayan ɗaya, kuma na san kujerar da yake nema.

Bakina ya bushe ƙamas. Na sa yatsu, na hura, iska ce kawai ta fito. Na jiƙa leɓe na sake. Wannan karon ya fita, dogo, mai kaifi, irin wanda nake ajiye wa 'yan Milano.

Tafin ya tsaya cak. Ivo ya cafke hannuna. "Gisto, ka haukace? Ermete ne fa!"

"Na san ko wane ne, jaki! Ya fasa muryar ko bai fasa ba?"

"Ya fasa, amma..."

"To me kake jira?"

Ya dube ni, ya dubi dandamali, hawaye shaɓe-shaɓe, ya sa yatsu a baki. Kafin ka ce me, benen duka ya ɗauka. Ana fito, ana buga ƙafa, ana kuka. Wani daga baya ya ƙwala ihu, "An soke shi ko ba a soke shi ba? A ƙarasa shi mana mu huta!" Wata tsohuwa ta ce, "Ku kira likitan dabbobi!"

Sai gawa ta miƙe. Ermete ya tashi tsaye, takobin yana maƙale a hammatarsa, ya tako har bakin dandamali, ya turo ƙirji, ya nuna ni da yatsa.

"Gisto! Kai da ko sarƙar keke ba ka iya ɗaurawa daidai! Sauko ka yi ta in ka isa!"

"Ba ni aka biya wa makaranta da shanu biyu ba!"

"Kurma! Ɗan kurma!"

Ya juya ya yi wa mai sanda alama, ya koma wurinsa ya kwanta, ya gyara takobin, ya ƙarasa mutuwarsa a tsanake, a muryar ƙasa. Labule ya sauka cikin hayaniyar da ban taɓa jin irinta a gidan ba.

Na jira shi a ƙofar baya. Nerina ce ta fara fitowa, bakinta har yanzu da farin alli. Ta ɗaga jakarta ta maka mini a kunne, kuma akwai makullai a ciki. Sai ga Ermete, rinin gashinsa ya bi gumi ya gangaro masa har wuya. Ya ce ta bari.

"Sau biyu ka fasa ta," na ce.

"Sau ɗaya da rabi. Ta biyun mai sanda ne ya yi gaggawa."

"Mai sanda ya riga ya sauke hannu, maƙaryaci."

Ya yi dariya. Da ya sake magana, muryar ta riga ta dishe.

"Kashi na farko fa? Kada ka yi mini kara."

Na ce, "Ermete, shekara arba'in ina benen can. Ban taɓa jin wanda ya yi kashi na farko kamar yadda ka yi shi yau ba, daga Milano ko daga ko'ina. Da a ce shekara ashirin da suka wuce ne..." Kuka ya ci ƙarfina, ni Gisto, a tsakiyar titi, a gaban jama'a.

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na daɗe da sani, Gisto. Ni kaɗai na sani, shi ne ciwon."

Ya juya ya ce wa Nerina yunwa yake ji, ta kama hannunsa suka tafi gida.